Garejin Da Ke Tafiya A Kan Ruwa: Darasin Jirgin Albatross Ga Jihar Kebbi

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi lokacin noman rani ya san wannan gani: manomi a kan babur, injin ban-ruwa ɗaure a bayansa da igiyar roba, yana neman bakaniken da zai duba masa shi kafin shinkafarsa ta ƙone a fadama. Idan ya yi sa'a, ya koma gona a ranar. Idan kuwa abin da ya lalace babu shi a gari, sai a jira a kawo daga Sakkwato ko Kano, ƙasa kuwa tana ta bushewa. Mai jirgin fito a Yawuri ko Warra ma haka yake fama, sai dai nasa ya fi haɗari, domin injin da ya mutu a tsakiyar Kogin Neja ba ya ba da lokacin neman bakanike, kuma abin da ke cikin jirgin rayukan mutane ne.

Shekaru fiye da 80 da suka wuce, sojojin ruwan manyan ƙasashe sun ci karo da irin wannan matsala, suka warware ta ta hanyar da ta cancanci mahukuntan Kebbi su duba a yau. Maimakon a riƙa jan abin da ya lalace zuwa gareji, sai suka ɗora garejin a kan jirgin ruwa suka kai shi inda ake aikin. Ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage ya shafe shekarun farko na Yaƙin Duniya na Biyu a nan Afirka ta Yamma.

Jirgin da aikinsa hidima

Kafin filayen jirgin sama su yawaita, teku da tafki su ne filin da ba sai an gina ba. Shi ya sa aka ƙera jiragen sama masu sauka da tashi a kan ruwa, wasu da ciki irin na kwalekwale, wasu da ƙafafu masu iyo a madadin taya. To amma sauka a ruwa ba ya raba jirgi da buƙata. Dole a zuba masa mai, a wanke gishirin tekun da ke cin ƙarfensa, a duba injinsa bayan kowace tafiya, a toshe inda ya fara yoyo. Matuƙansa kuma suna buƙatar abinci da makwanci da likita.

Daga nan ne aka samu jiragen ruwan yaƙi da aka ware musamman domin wannan hidima. A cikin irin wannan jirgi akwai tankunan man jirgin sama, da ɗakin walda da injinan yanka ƙarfe, da rumbun kayan gyara, da ɗakin rediyo, da ƙaramin asibiti, sai kuma ƙugiya mai ɗaga jirgin sama daga ruwa ta ajiye shi a saman jirgin don a yi masa aiki. Duk lungun tekun da ruwansa ke kwance, da zarar irin wannan jirgi ya yada zango a ciki, wurin ya zama sansanin jiragen sama ba tare da an zuba buhun siminti ko ɗaya ba.

Faransa ce ta fara, inda ta gyara jirginta mai suna Foudre domin wannan aiki kafin Yaƙin Duniya na Farko. A watan Satumban 1914, jiragen saman da jirgin Japan mai suna Wakamiya ya sauke a kan ruwa suka kai hari kan Jamusawa a Tsingtao da ke ƙasar Sin. Ranar Kirsimetin wannan shekarar kuma wasu jiragen Birtaniya uku, Engadine da Riviera da Empress, suka yi irin haka a kusa da Cuxhaven a gaɓar Jamus.

Albatross a Freetown

Jirgin da ya fi shafar wannan yanki shi ne Albatross. A birnin Sydney na Ostareliya aka ƙera shi, aka saka shi a ruwa a 1928, ya fara aiki a watan Janairun 1929, kuma yana iya ɗaukar jiragen sama tara. A 1938 Ostareliya ta miƙa shi ga Birtaniya a matsayin wani ɓangare na kuɗin jirgin yaƙin Hobart da ta saya. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumban 1939, sai aka tura shi Freetown, babban birnin Saliyo, ɗauke da runduna ta 710 ta jiragen saman sojan ruwa, masu tuƙa jirgin da ake kira Walrus.

Freetown a wancan lokaci ita ce mahaɗar ayarin jiragen kaya da ke tafiya Birtaniya. A can jiragen da suka taso daga kudancin Afirka da Kudancin Amurka da tashoshin Afirka ta Yamma ke taruwa, su yi ayari guda, sojojin ruwa su raka su. Kayan da Najeriya ke fitarwa a lokacin, irin su gyaɗar Kano da kuzar Jos da manja, ta wannan gaɓa suke bi. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta yi wuyar bi, sai jiragen da za su Masar da Indiya suka koma zagayowa ta Afirka, zirga-zirgar Freetown ta ƙaru, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku su ma suka biyo sawu.

Walrus ba jirgin a-zo-a-gani ba ne. Injinsa ɗaya, fukafukansa hawa biyu, tafiyarsa a hankali. Aikinsa shi ne sintiri a bakin tashar da rakiyar ayari, domin jirgin ƙarƙashin teku idan ya hango jirgin sama dole ya nutse, idan ya nutse kuwa gudunsa ya ragu, ayarin ya wuce shi. Amfanin wannan sintiri yana ga yin sa kullum, kuma yin sa kullum a ƙasa mai ruwan sama da laima irin Saliyo ya dogara ne ga bakaniken da ke cikin Albatross, wanda zai kwana yana kwance inji yana ɗaurawa. Ba a san Albatross da wani gagarumin artabu a Freetown ba. Abin da ya yi shi ne ya sa jiragen da ke hannunsa suka ci gaba da tashi har 1942, lokacin da aka mayar da shi Tekun Indiya.

Ƙarshen labarinsa ya ƙara fito da ainihin darajarsa. Daga baya an sauke jiragen saman gaba ɗaya, aka mayar da shi jirgin gyara zalla. A watan Yunin 1944, lokacin da sojojin ƙawance suka dira a Normandy a arewacin Faransa, Albatross ya tsaya a kusa da gaɓa yana gyara ƙananan jiragen sauke sojoji da suka lalace, sama da 100 suka koma aiki ta hannunsa. Ranar 11 ga Agustan 1944 makamin Jamusawa ya same shi, mutum 66 suka mutu, amma bai nutse ba. Bayan yaƙi aka sayar da shi ya koma jirgin fasinja mai suna Hellenic Prince, ya kwashi waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu daga Turai zuwa Ostareliya a 1949, sannan aka farfasa shi a Hong Kong a 1954.

Daga Bathurst zuwa Kano

Albatross ba shi ne na farko a wannan gaɓa ba. Tun 1934 kamfanin Lufthansa na Jamus ke kai wasiƙu Kudancin Amurka ta garin Bathurst, wato Banjul ta Gambiya a yau, zuwa Natal a Barazil. Tazarar ta kai kusan kilomita 3,000, ta yi wa jiragen saman Dornier na lokacin yawa, sai aka ajiye jirgin ruwa mai suna Westfalen a hanya: jirgin sama ya sauka kusa da shi, a ɗaga shi da ƙugiya, a zuba masa mai, a duba shi, sannan a harba shi sama da wata na'ura mai kama da majajjawa. Daga baya aka ƙara da Schwabenland da Ostmark da Friesenland. Da yaƙi ya zo, sojojin saman Jamus suka karɓe su, wasunsu suka yi aiki a gaɓar Norway.

Najeriya ma ta ga jiragen sama masu sauka a ruwa. A 1943 runduna ta 270 ta sojan saman Birtaniya ta koma Apapa a Legas da jiragen Catalina, daga baya kuma Sunderland, tana sintirin teku. A tudu ma dabarar guda ce. Daga watan Satumban 1940 ana kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanya, kuma abin da ya sa ta yiwu shi ne kowane zango akwai mai da kayan gyara da bakanikai suna jira.

A Burma kuwa, inda dubban 'yan Arewa suka yi yaƙi, bataliyoyi na 6 da na 7 da na 12 na sojan Najeriya suna cikin rundunar da ta kutsa bayan layin Japanawa a 1944. Da damina ta lalata filayen sauka, jiragen Sunderland biyu ne suka riƙa sauka a tafkin Indawgyi, suka kwashe marasa lafiya da masu rauni na wannan runduna fiye da 500 zuwa Indiya.

Amurka ce ta fi kowa zuba kuɗi a wannan fanni. Ta kammala jirage 35 na samfurin Barnegat kaɗai, waɗanda aka ƙera su yadda za su iya shiga ruwa marar zurfi. Tasirinsu a wasu lokutan ya wuce gyara. A ƙarshen watan Mayun 1942, Japan ta shirya aika jiragen leƙen asiri su sha mai a wani tsibiri mai suna French Frigate Shoals su duba ko manyan jiragen Amurka na nan a Pearl Harbor. Da jirgin ƙarƙashin tekun Japan ya isa wurin, sai ya tarar jiragen hidimar Amurka sun riga sun yada zango, aka fasa shirin, Japan ta shiga yaƙin Midway ba ta san inda abokan gabarta suke ba. Ɗaya daga jiragen Barnegat, mai suna Orca, an ba wa Habasha shi a 1962, ya zama babban jirgin sojan ruwanta har 1991.

Zamanin waɗannan jirage ya wuce ne saboda yaƙin da kansa ya cika duniya da dogayen filayen sauka, jiragen tudu suka ƙara nisan zango, jirgi mai saukar ungulu ya karɓi aikin ceto. Sojojin ruwan Amurka sun ajiye na ƙarshen jiragensu na sintiri masu sauka a ruwa a 1967. Jiragen sun tafi, amma hujjar da ta haife su tana nan: duk wanda ya sayi na'ura bai tanadi mai gyara ta a kusa ba, rabin ciniki ya yi.

Inda Najeriya ke tuntuɓe

Ba sai an je nesa neman misali ba. Aradu, babban jirgin yaƙin Najeriya da aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha yana jiran gyara. Abin da ya sami Aradu shi ke samun taraktocin ƙananan hukumomi da motocin asibiti da famfunan tuƙa-tuƙa: a yi bikin miƙawa, a ɗauki hoto, ranar da ƙaramin ƙarfe ya karye a jingine su. Kasafin kuɗi na son sayen sabo saboda shi ake gani, gyara kuwa ba shi da ranar yanke ƙyalle.

A Kebbi kuɗin wannan sakaci da rayuka ake biyan sa. Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya tsage a tsakiyar ruwa da mutane sama da 150 a ciki, 'yan kaɗan ne aka ceto da rai, aka kwashe kwanaki ana tsamo gawarwaki. A watan Janairun 2023 wani jirgin da ya ɗauko manoman shinkafa a yankin Koko/Besse shi ma ya kife. Dalilan da ake lissafawa kowane karo ba sa canzawa: tsohon katako, lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya binne tun da aka kammala madatsar a 1968. A sama kuma, a kwarin Rima, ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bagudo, ta yanke hanyoyi, ƙauyuka da dama suka koma sai da kwalekwale ake isa gare su.

Hukumomi ba su zauna haka kawai ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, da gwamnatin jiha sun raba rigunan ruwa, an kuma raba jiragen zamani a wasu wurare. Wannan abin yabawa ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan injin sabon jirgin ya tsaya a gaban wani tsibiri a Yawuri, wa zai gyara shi, da wane kaya, cikin kwana nawa? Kuma wa ke duba cikin tsofaffin jiragen katakon da har yanzu su ne ke ɗaukar mafi yawan jama'a?

Abin da ya kamata a yi

Babu mai cewa Kebbi ta sayi jirgin sama mai sauka a Matan Fada. Abin da za a ɗauka daga Albatross shi ne tsarin. Jihar na buƙatar jiragen hidima masu shimfiɗaɗɗen ciki da ke iya shiga ruwa marar zurfi, ɗaya a Yawuri ya riƙa zagaya tafkin Kainji har Warra, wani a sama ya kula da yankin Bagudo zuwa Lolo da Dolekaina a kan iyaka. Kowanne ya ƙunshi bakaniken injin jirgi, da kafinta mai katako da ƙusa da abin toshe yoyo, da mai walda, da ma'aikacin jinya, da gwanayen ninƙaya, da rediyon sadarwa, da zarton inji na yanke kututture, da ajiyar rigunan ruwa. A kwarin Rima, inda ruwa ke janyewa da rani, ƙananan jirage sun isa a lokacin damina da ambaliya, da rani kuma ma'aikatan da kayansu su hau mota su bi fadamun Argungu da Dukku suna gyaran injinan ban-ruwa a bakin gona.

Jadawalin aikinsu ya bi ranakun kasuwa, domin a ranakun ne ake yin lodin da ke kashe mutane. Jirgin hidima ya kwana a mafitar kafin ranar kasuwa, a duba cikin kowane jirgin fasinja da injinsa, wanda gyaransa ƙarami ne a yi masa nan take a kan farashi mai sauƙi, wanda ya ruɓe a hana shi ɗaukar mutane. Mai jirgi zai fi karɓar hukuncin jami'in da ya zo masa da guduma da katako a kan wanda ya zo da takardar tara kaɗai. Idan kuma tsautsayi ya auku, masu ceto suna kan ruwan, ba sai an jira su taso daga Birnin Kebbi ba.

Ma'aikatan ma akwai su a gida. Sarkawan Kebbi da Gungawan Yawuri sun gaji ruwa kaka da kakanni, kuma Sarakunan Ruwa da Sarakunan Jirgi sun san kowane jirgi da mai shi. Garejojin Nasarawa da na Argungu cike suke da matasan da suka iya kwance inji su ɗaura. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi za ta iya shirya musu gajeren horo a kan injinan jiragen ruwa, a ba su takardar shaida.

Za a ce babu kuɗi. Amsar ita ce a canza yadda ake kashe wanda ake da shi: duk kwangilar sayen jirgi ko injin ban-ruwa ko tarakta ta ƙunshi kayan gyara na wasu shekaru da horar da masu gyara, ko da hakan na nufin a sayi takwas a maimakon goma. Majalisar Dokokin jihar na da ikon mayar da wannan sharaɗi doka. Za a kuma ce gyara ba ya hana lodi fiye da kima, kuma gaskiya ne. Wannan aikin jami'an NIWA ne da 'yan sandan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage, sai dai su ma suna buƙatar abin hawa da mazauni a kan ruwa, jirgin hidimar kuwa zai ba su duka biyun. Akwai kuma fargabar cewa shi kansa jirgin gyaran zai zama wani Aradu. Wannan ita ce fargabar da ta fi ƙarfi, kuma maganinta shi ne a ware kuɗin mansa da albashin ma'aikatansa a layi na musamman a kasafin kowace shekara, a kuma riƙa bayyana wa jama'a duk wata uku jirage nawa ya duba, nawa ya gyara, nawa ya dakatar.

Jihar da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na ƙasa a cikinta a watan Nuwamban 2015, wadda kuma bikin kamun kifinta na Argungu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, arzikinta da sunanta duk a kan ruwa suke. Gwamnatin jiha da NIWA da HYPPADEC da masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri za su iya zama a teburi ɗaya su fara da jirgi guda a Yawuri kafin ruwa ya sake cika. Shekara ɗaya ta isa a ga ko adadin jiragen da ke mutuwa a tsakiyar kogi ya ragu, sannan a yanke shawarar ƙarawa.